Kafin Yatsunki Su Daina Ji

Dogon Dutsi

Zuwa ga ɗiyata Ladi,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kin sauka Yamai lafiya, kin samu ɗakin da anka yi maki alkawari, kin kuma kama aiki cikin sa'a. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin hanya da na birni. Babanki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Labarin gida kya ji shi a waya. Wannan da zan faɗa maki ba ta waya ba ce, don na san halinki, da na fara za ki ce, "To Inna, na ji," ki kashe.

Maganar hannunki ce. Kada ki ce mani lafiyarshi lau. Makonnin nan kafin ki tafi ina kallonki da safe in kin fito ɗaki, kina yarfa hannun dama kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi, kina murza babban yatsa da na kusa da shi. Kin ɗauka ban gani ba. Na gani sarai, ai haka nawa ya soma. Ga shi aikin da kika samu na shigar da lissafin kaya ne tun safe har la'asar, a kan kwamfutar nan ta ninkewa da sunka ba ki. Na kuma ji kina ce wa babanki albashin farko za ki aiko a canza kwanon ɗakina. Ban yarda ba. Ɗakin ya daɗe yana yoyo, ba mu mutu ba. Abin da za ki fara saya shi ne kilabiye, wato allon haruffa na daban, da suri, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, duka marasa waya. Amma ki fara jin yadda na yi da nawa hannun, sannan ki shiga kasuwa.

Ku yara kun tashi kun ji ana cewa iska ta taɓa hannun uwarku. Mu munka bar ku da wannan maganar, don ta fi sauƙin faɗa. Ba iska ba ce, zama ne.

Lokacin da nake sakatariya a biron mishan, wato ofis, da keken rubutu nake aiki, mai ƙarfe, mai ƙara. Yana da nauyi, dole a aza shi kan tebur, dole ki zauna kan kujera ki miƙe baya. Shekaru na yi a haka, ban san ciwon hannu ba. Da anka rage ma'aikata na dawo gida, kawunki Bawa ya dawo daga cin rani a Kwatano ya kawo mani kwamfuta ta hannu, tsohuwa amma tana aiki. Murna kamar in yi yaya. Na buɗe wurin buga takardu a zaurenmu: takardar neman aiki, katin biki, tambayoyin jarrabawa na malaman lakwal, wato makaranta, rahoton ɗalibai. Na shimfiɗa tabarma, na miƙe ƙafafu, na ɗora ta kan cinya, yadda muke zama in muna tsintar wake. Ai haka mace ke aiki a gidanta, ban ga laifin abin ba. Babanki ya ce, "Bari in sa kafinta ya haɗa maki ɗan tebur." Na ce, "Haba, abin da anka yi don cinya me ya haɗa shi da tebur? Sayi hatsi." Ya bar maganar, kin san shi da gudun gardama.

Na wuni a duƙe, wuya a karye, hannuwa a lanƙwashe kan ƙananan maɓallai, yatsa ɗaya na ta goga ɗan filin nan na shafawa har ya yi santsi. In na tashi da yamma sai na dafa bango. Na ce gajiya ce, kowa ke aiki yana gajiya.

To ki gane matsalar irin wannan kwamfuta. Gilashinta da haruffanta a haɗe suke. In kin ɗaga ta daidai da idonki, hannuwanki sun rataye. In kin sauke ta daidai da hannuwanki, wuyanki ya duƙa. Ba yadda za ki zauna da ita ku rabu lafiya in wuni za ki yi. Shi ya sa ake raba su. Ki aza kwamfutar kan wani abu, ko kwali ne, ko tarin littattafai, har saman gilashin ya zo daidai da idonki. Kilabiyen kuma a ƙasa, inda gwiwar hannunki za ta zauna kusa da haƙarƙari, wuyan hannunki a miƙe, ba a karye sama ko ƙasa ba. Na ce marar waya don za ki riƙa yawo da shi tsakanin biro da ɗaki, kuma waya a cikin jaka ba ta daɗewa take tsinkewa daga ciki. In 'yan biro sun yi maki dariya sun ce 'yar ƙauye ta gina rumbu a kan tebur, ki bar su su yi.

Ba wai ban taɓa saye ba. Na saya, sai dai na yi sayen wauta. Da wuyana ya matsa mani, wata ran kasuwa na tarar da wani ɗan kasuwa da ke shigo da kaya daga tsallaken iyaka, ya baza su kan buhu, tocila, rediyo, caja, har da kilabiye da suri a kwali ɗaya mai ƙyalli. Na ce a buɗe in gani. Ya ce, "Hajiya, in an buɗe kwali an saya ke nan." Ya faɗi kuɗi, na ji da araha, ga mutane sun tsaya suna kallon Madam mai kwamfuta. Kunya ta hana ni ja. Na biya na rungumo.

Da na zo gida na buɗe, kai! Na farko dai haruffan jerin Ingilishi ne, irin na can, ba na Faransanci da muke aiki da shi ba. Ni da na haddace wurin kowane harafi na iya lallaɓawa ba tare da na duba ba, amma da na kai ido ƙasa neman wata alama, abin da ke rubuce daban, abin da ke fita daban. Wannan ma mai sauƙi ne. Maɓallan ne da tauri, kowane sai kin danne shi kamar mai fasa gujiya, ga su a cunkushe, ba gefen lambobi. Surin kuwa bai fi ƙwan zabuwa ba. Tafin hannu ba ya samun wurin kwanciya, da bakin yatsu nake tsunkule shi wuni guda. Wuyana ya samu sauƙi, hannuna ya karɓi wahalar. Da yake na riga na biya, na ce sai na ci kuɗina.

Ke kada ki yi haka. Ki ɗauki kwamfutarki ki tafi da ita shagon, ba bakin titi ba, shagon da za ki iya komawa gobe ki same shi a wurin. Ki ce a buɗe, a sa pil, wato batir, a haɗa a gabanki. In ya ce ba a buɗewa, ki gaishe shi ki wuce, Yamai ba shago ɗaya ba ne. Ki dubi layin haruffa na sama: in ya fara da A da Z namu ne, in ya fara da Q da W ki ajiye mashi abinshi. Ki nemi mai gefen lambobi a dama, tunda lissafi ne aikinki, kada ki wuni kina miƙa yatsu layin sama. Sannan ki zauna ki buga shafi guda cur, ba kalma biyu ba. Maɓalli mai kyau taɓa shi ake yi ya amsa. Ki danna na kusurwa da dogon nan na ƙasa, don a nan marar kyau ke nuna halinshi. Mai shago zai ƙosa, zai yi ta duba agogo yana tsaki. Ya ƙosa mana, ba shi zai zauna da hannun ba.

Surin kuma ki ɗora hannu a kanshi ki saki jiki. In tafinki ya kwanta, yatsunki sun kai maɓallai ba tare da kin ƙanƙame ba, to ya yi. Kada ƙyalli ko ƙanƙanta su ruɗe ki, na san ku 'yan mata da son abu ɗan mitsitsi mai launi. Akwai wani iri da na gani a teburin lokotoro, likitan da ya duba ni a Dosso, a tsaye yake, ana riƙe shi kamar za a gaisa da mutum. Ya ce shi ya fi mashi daɗi. In kin same shi ki gwada, in bai zauna maki ba ki bar shi, hannu ba ɗaya ba ne.

Yanzu ga wautar da har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Irin waɗannan kayan suna zuwa da wani ɗan ƙarfe da ake sokawa a gefen kwamfuta, shi ke haɗa su da ita. Bai kai ɓarin gujiya ba. Kullum ina tsoron ya ɓata ko yara su haɗiye shi, sai na ce bari in adana shi inda ba na ɓatar da komai. In na tashi aiki sai in zare shi in ƙulle a bakin zane, kamar yadda uwata ke ƙulle canjinta. Wata Asabar na tuɓe zanen na jefa cikin wanki. Anka jiƙa, anka sa sabulu, anka murje, anka shanya a rana. Sai da na zo ninkewa na ji ƙullin. Na shanya shi, na hura, na soka, na zare, na sake sokawa. Shiru. Na kai wa mai gyaran waya a bakin tasha, ya juya shi ya ce, "Madam, wannan da abinshi anka haife shi, ba a samun wani ya hau." Ga kilabiye lafiya lau, ga suri lafiya lau, duka sun zama kayan wasan ƙannenki.

Ashe a cikin surin, kusa da wurin pil, akwai ɗan rami da anka yi don ajiye shi. Ban taɓa lura ba. Ke ki duba wannan ramin tun a shago, in za ki sa kwamfuta a jaka ki mayar da shi can. Ki nemi wanda ɗan ƙarfe ɗaya ke ɗauke da kilabiye da suri duka, don ramukan gefen kwamfutarki ba su da yawa, kuma za ki buƙaci ɗaya na kile, ɗan abin nan na kwasar takardu daga kwamfuta. In kwamfutar da sunka ba ki tana kama bulutut, akwai masu haɗuwa ta nan ba ɗan ƙarfe, ba abin da zai ɓata. Amma ki ga sun haɗu da idonki a shagon, kada ki yarda da "zai yi in kin je gida."

Pil ma ki kula. Ki zaɓi mai cin irin na rediyo ko na rimot, wanda ko a teburin mai shayi za ki samu. Mai caji yana da kyau ranar da akwai wuta, kin kuwa san halin wuta da zafin bazara. Ki ga yana da ɗan maɓallin kashewa a ƙasa. In za ki daɗe ba ki taɓa shi ba ki cire pil ɗin, don zafi na sa su yoyo su cinye ƙarfen ciki.

Da abin ya mutu, da ina da hankali da na sayi wani mai kyau. Sai na yi fushi da kayan gaba ɗaya, na ce daman ƙarya ce ta 'yan kasuwa. Na koma tabarmata, na mayar da kwamfuta cinya. Daga nan hannun ya fara magana da ƙarfi. In na farka yatsu uku sun mutu, sai na yarfa su su dawo. Sannan sunka daina dawowa da wuri. Allura ta fara gagarata. Wata rana ina miƙa wa babanki ƙwaryar fura a gaban baƙi, sai na ga ƙwarya a ƙasa, fura ta wanke mashi ƙafa, ni kuwa ban ji lokacin da ta fita hannuna ba.

Gwaggo Tani, ƙanwar ubana, tana wurin. Ta ja ni ɗaki ta kama hannun ta jujjuya, ta ce, "Ɗiyar ga, wanga ba ciwon likita ba na. Doguwa ta. Kun bar gidan kakanninku kun bi coci, kun ƙi ba ta abinta, ga shi ta zo karɓa." Na ce, "Gwaggo, ni ban yarda da wannan ba." Ta ce, "Ita ba ta tambaye ki ba." Da baki na ƙi, amma tsoro ya riga ya shige ni, don mun taso muna jin yadda take shanye hannu da ƙafa. Na ce wa babanki za ni gaisuwar mutuwa Matankari. Gwaggo ta kai ni wurin wata tsohuwa 'yar bori da kowa ke girmamawa a can. Anka yi goge, anka buga ƙwarya, na zauna a tsakiya kaina a rufe ina jin kunyar Allah da ta mutane. Da anka watse tsohuwar ta kira mu, ta ce, "Na tambaya, ba wanda ya ce nashi ne. Ku tai likita." Matar nan ba ta cuce ni ba, gaskiyarta ta faɗa.

A hanya Gwaggo ta ce tsohuwar ta tsufa, iskokinta sun daina gaya mata gaskiya. Ni kuma likita na nufin Dosso, da kwana can, da rufe zaure ana tsakiyar lokacin jarrabawa, aiki ya yi mani yawa. Sai na bi ta Gwaggo. Munka shiga mota, munka ƙarasa da amalanke zuwa wani ƙauye bayan Dogon Kiriya, wurin wani mutum da ya karɓi baƙar akuya, ya yi mani tsaga a wuyan hannu ya shafa baƙin magani. Tabon nan da na ce maku na ƙunar murhu ne, nashi ne. A gida kuma matan zumunta na ta yi mani addu'a da azumi, Allah ya saka masu, ba su san inda nake zuwa ba. Damina ta wuce, wata ta zo. Duk wannan yawon, ina dawowa zan shimfiɗa tabarma in ɗora abin nan a cinya in ci gaba. Kowa ya faɗi abin da zan sha da abin da zan shafa, ba wanda ya ce in tashi daga zaman, ni ma ban ce wa kaina ba.

Sai da babanki ya ga na kasa ɗaga buta sannan ya ɗaga murya, karo na farko tun aurenmu, ya sa ni a mota sai Dosso. Lokotoron ya ɗora hannuwana biyu kan tebur ya ce in duba da kaina. Tudun naman nan na gindin babban yatsa, na hagu a cike, na dama ya lotsa. Ya tsikare ni da allura, ƙaramin yatsa ya ji, sauran ko oho. Ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu har ta gaji. Ya tambayi aikina da yadda nake zama, na nuna mashi. Ya cire tabarau ya ce, "Madam, ina kike tun tuni?" Ya ce da na zo lokacin da abin ke tsayawa da safe kawai, mai yiwuwa ɗaurin hannu da canza zama su isa. Anka yi aiki, zafin ya ragu, amma naman da ya tafi bai dawo ba.

Sannan na yi abin da ya fi duka muni. Da na kasa, ke na zaunar a wurina, kan tabarmar nan, da kwamfutar nan a cinya, kina dawowa daga lakwal ki kama har magariba. Na san abin da zaman ya yi mani, na ce ke yarinya ce, ƙashinki ɗanye ne, kuma gidan na buƙatar abin da zauren ke kawowa. Ina alfahari ana cewa ɗiyar ta fi uwar sauri. In yau hannunki na mutuwa da safe, ni na fara maki shi, kuma abin na cina.

Don haka ki ji da kyau, ke mai taurin kai irin nawa. Kilabiye da suri ba magani ba ne, sauƙi ne kawai. Ki riƙa tsayawa kina sauke hannuwa, ki miƙe, ki zaga, ko da shugabanki na hararar ki. In kin koma ɗaki kada ki hau katifa da kwamfuta. Kuma tun yanzu, ba sai ya ƙara ba, ki nemi rana ki je likita ki nuna hannun, ki faɗa masu uwarki ta yi irinshi. In wani ya ce maki iska ce, ko maita, ko baƙin cikin 'yan biro, ki ce kin gode, ki wuce likita. In kin aiko kuɗin kwano kafin ki yi waɗannan, Allah ya sani direban da ya kawo su shi zai mayar maki.

Saura abu ɗaya. Ranar da munka raka ki tasha, mota ta tashi, kin miƙo hannu ta taga kina cewa, "Inna, Inna," ni kuwa na bar hannuwana cikin mayafi. Na ga fuskarki ta canza, na san kin tafi da zaton fushi nake don kin bar ni. Ba fushi ba ne, ɗiyata. Na hagun ne shi ma ya bi ɗan'uwanshi. Tun da na dama ya tafi shi ke ɗauke da komai, yanzu ya gaji. Na ji tsoron in kama hannunki ki ji babu ƙarfi, ki sauko daga motar, don na san za ki sauko. Takardar nan da fensir na buga ta, na dunƙule shi a hannu ina danna haruffa ɗaya bayan ɗaya da gindinshi. Ranakun da abin ya motsa, babanki ke rufe ƙofa bayan ƙannenki sun ci, ya gutsuro tuwo ya sa mani a baki, yana ba ni labarin gona don kada mu dubi juna. Za mu koma Dosso bayan girbi, wannan karon ban tsaya jira ba. Kada ki zo. Ki zauna ki kula da naki, shi ne abin da za ki yi mani.

Ubangiji ya kiyaye ki a kwance da a tsaye, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kai ki wurin aiki ya dawo da ke lafiya. Ya ba ki abincinki, ya kuma bar maki hannun da za ki kai shi baki da kanki har tsufa. Amin.

Ni ce uwarki,
Saratu